Jan Ɗigo a Bindigar Zabeirou

A cikin mutanen Nijar mazauna Greensboro babu wanda bai san kakan Zabeirou ba, ko da yake tsohon ya rasu tun kafin a haifi yawancinsu, kuma bai taɓa wuce Dakoro ba. Zabeirou ne ya kawo shi Amurka a baki. Direban tasi ne, yana jiran fasinja a tashar bas ta tsakiyar gari, in ya tashi aiki kuma sai shagon Sanda mahauci, inda ake sayen naman halal a zauna shan shayi a bayan kanta. A nan ne kakan yake kashe zakuna. Shekarar da Zabeirou ya zo zaki ɗaya ne. Zuwa 2006 sun kai huɗu, har da wata giwa da ba a san abin da ya kai ta Dakoro ba.

A watan Nuwamba na shekarar ne surukarsa, Hajiya Bebi, ta sami biza za ta zo daga Maradi ganin 'yarta Hindou. Hajiya mace ce mai ƙarancin magana, kuma tun ranar ɗaurin aure Zabeirou bai taɓa jin ta yaba masa a kan komai ba. Da aka miƙa masa waya ya gaishe ta, sai ya durƙusa a tsakar falo kamar tana ganinsa. Ya gama gaisuwa, baki ya ƙi tsayawa.

"Hajiya, ranar walimar zuwanku ba za ku ci naman firiza ba. Barewa za ku ci, wadda na harbo da hannuna."

"To, Allah ya nuna mana," in ji Hajiya. Katin waya ya ƙare.

Hindou ta ajiye ludayi ta dube shi. "Baban Malika, yaushe ka fara harbi?"

"A jini yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ai matsalar ke nan. Ita gudu take yi. Kai kuwa ɓeran gareji ma sai da ka kira ni."

Washegari Zabeirou ya shiga shagon Sanda ya faɗa a gaban kowa cewa kada a ajiye masa ko ƙashi don walima, mutum sittin ɗin da za a gayyata shi zai ciyar da su daga daji. Sanda ya ci gaba da wasa wuƙarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Zabeirou ya yi kwas ɗin mafarauta, rabi a farke rabi a gyangyaɗi, ya karɓi permi, wato takardar izinin farauta, ya sayi bindiga ta hannu. Ya ɗauki amininsa Hardi, mutumin zangon Kumasi mai lodin kaya a wani sito, suka tafi filin gwajin harbi. Ya saki harsashi goma. Da aka jawo takardar, fes take, ko a mayar wa mai shago. Wani Bature da ke harbi a gefensu kuwa ya tsaya yana juya tasa takardar, yana mamakin ramin da ba shi ya yi ba.

"Cale, abokina, takardar nan ba ta ji komai ba kwaraa," in ji Hardi da Hausarsa ta Gana.

"Laifin ƙarfen saiti ne. 'Yan ƙusoshi biyu kamar haƙoran jinjiri, wa zai gan su?"

Ana haka wani fasinja ya manta mujallar farauta a bayan motarsa. A ciki Zabeirou ya ga hoton wani ɗan madubi da ake ɗaurawa a kan bindiga, in ka leƙa sai ka ga jan ɗigo a tsakiya. Turawa na ce masa red dot. Zabeirou bai karanta rubutun ba, hoton ya ishe shi. Da yamma ya yi wa 'yan shayi bayani: duk inda ɗigon ya sauka, nan harsashi zai je, ko da mai bindigar ya rufe ido.

Suka tafi shagon kayan farauta, Hardi a matsayin tafinta, don Turancin Zabeirou na tasi ne, bai wuce ina za ka da mun iso ba. Mai shagon tsohon Bature ne mai furfurar gemu, wanda ba ya gaggawa. Ya tambayi abin da za a harba, da nisan da za a harba. Da ya ji barewa ce a fili, sai ya ce gara a sayi madubi mai kusanto da abu, don shi jan ɗigo ba ya ƙara wa ido komai.

"Faɗa masa idona ba ya neman ƙari," in ji Zabeirou. "Ya kawo mai ɗigo."

Tsohon ya jera guda uku a kan kanta. Ya ce na farko ɗigonsa ƙarami ne kamar kan allura, shi ya fi dacewa da nesa. Na biyu matsakaici. Na uku babba, na harbin kusa ne, in abu na gudu a gabanka. Zabeirou ya ɗauki na farko ya leƙa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ya fashe. Ɗigo uku nake gani, ɗaya har da wutsiya."

Tsohon ya karɓa ya leƙa, ya ce ɗaya ne. Hardi ya leƙa, ya ce ɗaya ne. Zabeirou ya ɗauki na biyu, ya ce wannan kamar an taka tumatir. Tsohon ya dube shi ta saman gilashinsa, ya yi wata tambaya a hankali.

"Yaya, yana tambaya ko kana sa tabarau," in ji Hardi. "Ya ce akwai irin idon da ke warwatsa haske. Mai irinsa in ya sa tabarau sai ɗigon ya koma ɗaya."

Zabeirou yana da tabarau. Likita ne ya rubuta masa, kuma yana sa su in yana tuƙi, amma da ya kashe mota sai ya cusa su cikin aljihun gaban mota, don wata rana wata fasinja ta kira shi kaka.

"Faɗa masa kakana ya kashe zaki huɗu ba tabarau ba luneti. Faɗa masa kuma kayansa jabu ne."

Hardi ya juya ya ce wa tsohon, da Turanci, abokinsa ya gode ƙwarai, zai duba na ukun.

Na ukun ne ya shiga ran Zabeirou. Ya murza ɗan maɓallin haske har ƙarshe, ɗigon ya kumbura ya yi jajir kamar garwashi. Tsohon ya ce a nisan taki ɗari wannan ɗigon zai rufe wurin da ake so a harba gaba ɗaya.

"Wala," in ji Zabeirou da ɗan Faransancinsa. "Abin da nake nema ke nan. In ɗigo ya rufe ta, ta ina za ta fita?"

Tsohon ya ƙara da abu biyu, yana lanƙwasa yatsu. Na ɗaya, in an ɗaura shi dole a koma filin gwaji a yi ta harbi ana murza ƙusoshin gefe, har ɗigo da harsashi su yarda da juna. Na biyu, batir gare shi, a riƙa kashewa in an gama, a kuma riƙe wani a aljihu. Hardi ya fassara duka biyun, bai rage ko kalma ba. Zabeirou ya ce barewa ba takarda ba ce, pil kuwa, wato batirin, sabo ne.

A gida ya ɗaura madubin da bakin wuƙar kicin. Hindou ta leƙa ta ce ita dai ɗigo ɗaya take gani, ya ce idon mata ba na farauta ba ne. Washegari ya kwance shi ya tafi da shi aiki a aljihu. Kwana shida madubin na yawo a Greensboro. An leƙa shi a tashar bas, an leƙa shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a shagon Sanda kuwa har ƙwaƙwalwar saniya an ɗora wa jan ɗigo. Duk wanda ya leƙa ya ce ɗaya ne. Zabeirou ya yanke hukunci cewa shi kaɗai Allah ya ba idon ganin sauran biyun. Maɓallin kashewa kuwa bai taɓa tunawa da shi ba.

Wurin farauta ya samu ne ta hannun Malachy, ɗan Ibo haifaffen Sabon Garin Kano, mai aiki a kantin magani, wanda ke zuwa sayen akuya wurin Sanda. Yana da gida da 'yar gona a McLeansville, can bayan gari, kuma bareyi sun hana matarsa cin ganyen da take shukawa. Ya ce a zo ranar Asabar. Hajiya Bebi ta sauka ranar Alhamis, walima Lahadi. Zabeirou ya gayyaci 'yan shayi su zo su ga aiki da idonsu, ya ce Sanda ya taho da wuƙaƙe da kuloli.

Bayan sallar asuba motoci uku suka tsaya a harabar Malachy. Sanyi na yanka kunne, hazo ya kwanta a kan gona. 'Yan rakiya suka hura gawayi suka ɗora shayi. Zabeirou ya fito cikin kaftani, da suwaita biyu a ciki, da jaket a sama, da hula mai ruwan lemo wadda doka ta ce mafarauci ya sa, ga laya a damtse. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"In kun ji harbi ɗaya, ku taho da kuloli. In kun ji biyu ku zauna, ba ni ba ne."

Malachy ya raka shi da Hardi zuwa wata rumfar katako da ya kafa a kan itace, mai tsani. "Ku hau, ku fuskanci dajin can, daga nan suke fitowa. Bayanku kuwa akwai wani..."

"Oga Malachy, kai magani ka sani. Bar wa mai daji dajinsa."

Malachy ya ɗaga kafaɗa ya koma wurin shayi. Zabeirou ya hau da ƙyar, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iska ta gaya masa ta baya za su zo. Ya juya wa dajin ƙeya. Allah ya taimaka, ta wannan ɓangaren babu gida babu hanya, sai fili da wani tudun jar ƙasa. Hardi, da babu wurin juyawa, ya zauna yana kallon daji.

Zabeirou ya ɗaga bindiga ya leƙa madubi. Babu ɗigo. Ba uku ba, ba ɗaya ba. Ya murza maɓalli gaba, ya murza baya, ya ɗan buga shi da tafin hannu, ya hura masa iska. Gilashi ne kawai, fari fat. Zufa ta karyo masa a cikin suwaita biyu. Ya tuna mutum sittin, ya tuna yadda Hajiya ta ce Allah ya nuna mana.

"Lafiya, Yaya?" in ji Hardi.

"Lafiya lau. Yana hutawa ne."

Rana ta fara fitowa, hazo ya ɗaga. Zabeirou yana yawo da bakin bindiga a kan filin, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, sai ga jan ɗigo ya bayyana. Ya ƙifta ido. Ɗigon na nan, a gindin tudu, kuma ba a kan banza yake ba. A kan ƙirjin wata ƙatuwar barewa yake, mai ƙahoni kamar rassan itace, tana tsaye ta ba shi gefe. Ashe na'urar sai ta ga nama take kunna kanta, har ta nemo zuciya da kanta.

A daidai lokacin Hardi ya taɓa shi da gwiwar hannu, yana raɗa. "Yaya, juyo a hankali. Ga su nan guda uku a gabana, kusa paa."

"Shiru."

"Har ina jin suna tauna."

"Na ce shiru. Ka bar ni da yara, ga uwarsu nan."

Ya yi bisimilla ya ja kunama. Bindiga ta doke shi a kafaɗa har hularsa ta karkace. Ƙura ta tashi a saman tudu, nesa da barewar kamar tsawon mota biyu. A bayansa Hardi ya ga fararen wutsiyoyi uku sun shige daji. Barewar Zabeirou kuwa ko kunne ba ta kaɗa ba.

"Ka gani? Laya ta kafe ta."

Hardi ya waiwayo, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo. "Yaya, barewar nan..."

"In ka sake magana ka sauka."

Hardi ya rufe bakinsa ya toshe kunnuwa. Harbi na biyu ya sami tudu ta hagu. Na uku ya yanke reshen wani itace da ba ruwansa. A na huɗu, madubin da aka ɗaura da wuƙar kicin ya yi tsalle daga kan bindiga, ya gaisa da goshin Zabeirou, ya faɗa cikin ciyawa a ƙasa. Zabeirou ya dafe goshi, ya dubi barewar da ido tsirara. Jan abin na nan a ƙirjinta.

Wani mutum da nan zai tsaya ya yi tunani. Zabeirou ya ce, "Jini ne. Na same ta, taurin rai ne da ita."

Ya ƙara harsashi. Na biyar ya tafi inda Allah ya nufa. Na shida, da babu madubi babu saiti, ya sami ƙafar gaba, barewar ta kife a gefe ɗaya, ƙafafu a sandare.

Ya ajiye bindiga ya duro tsani don ya riski yanka kafin rai ya fita. Ƙusa ta kama kaftani, ta raba shi tun daga ƙugu har ƙasa, bai waiwaya ba. Ya ruga da wuƙa a hannu, ya faɗa a kan dabbar, ya kama ƙaho zai juya ta ta fuskanci alƙibla. Ya tattara ƙarfin da zai juya bijimin sa, sai barewar ta taso sama gaba ɗaya a hannunsa, ba ta kai buhun auduga nauyi ba. Hannu ya riga hankali: ya riga ya ce Allahu akbar, wuƙa ta riga ta shige wuya. Abin da ya fito wani farin soso ne, yana ƙara ƙiiƙ a bakin wuƙa. Jan ɗigon kuwa fenti ne, da'ira mai faɗin faranti, duk ta sha sukan kibiya.

Da ya ɗago kai, mutum goma sha ɗaya ne tsaye a kansa, da kuloli huɗu.

"Mun ji shida," in ji Sanda, "muka ce ba kai ba ne. Sai muka zo mu ga ko yaƙi aka fara."

Malachy ya tsuguna ya shafa wuyan barewar. "Shekara uku ina koyon baka da kibiya a jikinta. Ban taɓa tunanin yanka ne ajalinta ba."

Wani ya tambaya ko ta halatta. Sanda ya duba yankan da idon sana'a, ya ce an ambaci sunan Allah, an fuskanci gabas, wuƙa ta bi inda ya kamata, shi dai bai ga aibu ba, sai dai romon zai yi wuyar samu. Hardi ya iso da bindiga a kafaɗa da madubi a hannu, ciyawa a maƙale da shi, ya ce akwai guda uku masu numfashi da suka bar sallahu, sun ce a gaida maharbi.

Dariya ta hana wasu tsayuwa. Zabeirou ya miƙe, yana riƙe da kaftani ta baya, ƙulu ya taso a goshi. Ya ce laifin pil ne. Ya ce laifin mai shago ne. Ya ce a Dakoro duk wanda ya ajiye gunkin barewa a gona sai an kai shi gaban mai gari. Da ya ga babu mai saurare, ya nufi mota. A mota, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce wa Sanda, "Gobe fa mutum sittin ne."

"Cinyoyin sa guda biyu suna cikin firiza da sunan Hindou tun ranar da ka sayi bindiga," in ji Sanda. "Ta ce kada in faɗa maka sai ka tambaya."

Ranar Lahadi gida ya cika har matakala. An yi shinkafa da miya, an yi dambu, nama kuwa har ya yi saura. Zabeirou ya ja hula ta rufe ƙulun goshi, yana ta kai da kawo da faranti, ba ya haɗa ido da kowa. Ya roƙi 'yan shayi ɗaya bayan ɗaya su rufa masa asiri a gaban surukarsa, kowa ya yi alkawari da baki cike da nama. Can aka ce Hajiya na kira. Ya shiga falon mata ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa. Maza suka taru a bayansa kamar masu neman ruwan wanke hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Baban Malika," in ji Hajiya Bebi. "Ta ba ka wahala?"

Zabeirou ya gyara durƙuso. Bai so ya yi wa surukarsa ƙarya ba, bai kuma ga dalilin ɓata labari ba. "Hajiya, harsashi shida na sakar mata. Har na biyar ko motsi ba ta yi ba."

"Ikon Allah. Ga naman kuwa kamar na shanu."

"Ciyawa ɗaya suke ci a ƙasar nan, Hajiya."

A bayansa wani ya ƙware da lemo, aka ja shi waje. Hindou ta sunkuya tana gyara faranti da ba ya buƙatar gyara. Hajiya ta tauna lomarta a hankali, ta sha ruwa, ta goge baki da gefen mayafi.

"Allah ya yi albarka, ka cika alkawari. In ka sake komawa dajin, ka harbo mini 'yar ƙarama, mai taushi. Matashin kan nan naku na Amurka ya hana ni barci."